Akawu Ne ko Malam? Sunayen da Dattawan Nasarawa Ke Kiran AI

A Nasarawa GRA, daga titin Ahmadu Bello zuwa layukan Lamido da Sultan da Alu, akwai gidaje da yawa na dattawan da suka ajiye aiki: tsofaffin manyan sakatarori, alƙalai, likitoci, ma'aikatan banki, da 'yan kasuwar da suka bar wa 'ya'ya shago. Yawancinsu ba su je neman abin da ake kira AI ba, shi ne ya same su har gida. A watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya saka wani ɗan zobe mai launin shuɗi a WhatsApp ɗin 'yan Najeriya, wanda in ka taɓa shi ka yi tambaya sai ya ba ka amsa. ChatGPT ya riga shi fitowa, tun 30 ga Nuwamba 2022, amma shi sai ɗa ko jika ya sauke wa mutum. Yanzu dai dattawan suna amfani da su duka biyun. Abin da har yau ba a daidaita a kansa ba shi ne sunan abin, kuma ni a wurina wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sunan da tsoho ya kira shi da shi ne yake nuna iyakar yardar da zai ba shi.

Wannan unguwa ta saba raɗa wa baƙon abu suna. A nan Turawa suka zauna bayan sun ci Kano a 1903. A nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a 1912. Gidansa na nan tsaye har yanzu. Da dogo ya iso Kano a 1911, mutane suka ɗauki sunan jirgin da suka sani a ruwa suka ce jirgin ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka a 1925, aka ce jirgin sama. Hotuna masu motsi da ake haskawa a bango aka ce majigi, wasu suka ce dodon bango, sunan da ke ɗauke da tsoron da aka ji a lokacin. Ko wayar hannu da ta zo a 2001 ta samu nata: akwai salula, akwai babbar waya, akwai kuma ƙaramar nan mai tocila da matasa suka yi wa sunan tsiya. Duk sunayen nan sun kama bakin mutane ne saboda suna faɗin abin da ido ya gani ko abin da zuciya ta ji. Shi kuwa AI ba shi da jiki, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Magana kawai yake yi, shi ya sa sunansa ya yi wuya.

Sunan da kafafen yaɗa labarai suka fi yayatawa shi ne “ƙirƙirarriyar basira”. Fassara ce ta sunan Turancin da John McCarthy ya ƙago a 1955, lokacin da yake shirya taron da aka yi a jami'ar Dartmouth ta Amurka a 1956. Fassarar ta yi ƙoƙari, sai dai tana da tsawo, harshe na harɗewa wajen faɗarta, kuma ban taɓa jin wani dattijo ya furta ta a cikin hira ba sai in yana maimaita abin da ya ji a rediyo. Rabinta na farko yana da amfanin da masu fassarar ƙila ba su yi niyya ba. A kunnen Bahaushe, ƙirƙirarren labari labari ne da ba a yi ba, don haka kalmar tana zuwa da gargaɗinta. Rabinta na biyu ne yake damu na. Basira daga Larabci take, asalinta ganin zuci. Ana cewa yaro yana da basira in yana gane abin da ba a faɗa masa ba, ana cewa Allah ya toshe wa wane basira in ya kasa bambance gaskiya da ƙarya. Kyauta ce da ake roƙa a addu'a. Ɗora wa na'ura wannan suna ya ba ta rigar da ta fi ƙarfinta.

Wasu kuma suna rubuta “basirar wucin gadi”. Wannan bai faɗa daidai ba, domin wucin gadi abu ne na ɗan lokaci kafin na dindindin ya zo, kamar gadar wucin gadi ko shugaban wucin gadi. Ba shi ne abin da mutum ya ƙera don ya kwaikwayi halitta ba. Hausa tana da hanyoyinta na faɗin wannan. A kasuwa ana cewa na roba: furen roba, ƙafar roba. A labarai an ce tauraron ɗan Adam, suna mai kyau ƙwarai, amma in aka bi sawunsa aka ce “basirar ɗan Adam” sai maganar ta juye ta koma kishiyar abin da ake nufi.

Akwai kalmar da take gabanmu kullum, muna faɗinta ba mu lura ba. Muna cewa “fasahar AI”, muna nufin fasaha irin ta kimiyya da ƙere-ƙere. Amma a Larabcin da muka aro ta, fasaha ita ce iya magana, tsabtar harshe da daɗin zance. Fasihi shi ne wanda in ya buɗe baki ba ka so ya rufe. To wannan shi ne ainihin abin da ChatGPT da ire-irensa suke da shi. An ɗura musu rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace, har suka iya jera zance mai santsi a kan kowane fanni. Sau da yawa zancen yakan zo daidai, domin rubutun da suka koya daga ciki yana cike da ilimi. Wani lokaci kuma yakan zo ba daidai ba, amma santsin bai ragu ko kaɗan ba, muryar tabbacin ma tana nan yadda take. A Hausa matsalar ta fi yawa, saboda rubutunmu da ke intanet kaɗan ne in aka kwatanta da na Turanci, kuma tarin littattafan ajami da ke ɗakunan malamai a cikin birni yawancinsu ba su taɓa shiga kwamfuta ba. Saboda haka in za a zaɓa tsakanin basira da fasaha, ni ina bayan fasaha, da tsohuwar ma'anarta da sabuwar duka.

Wannan duk maganar 'yan jarida ce da malaman jami'a. A cikin gidajen Nasarawa abin da ake faɗa daban ne. Da farko akwai ruɗanin da haruffan kansu suke jawowa: “ai” kalma ce da muke buɗe zance da ita, don haka in jika ya rubuto wa kakarsa “ai AI ce” da ƙananan baƙaƙe sai ta karanta sau biyu. Sannan ga batun jinsi. Fasaha mace ce, basira mace ce, manhaja ma haka, amma dattawan da na saurara kusan duka “ya ce” suke faɗa. Na tambaye shi, ya ce. Da zarar abu ya amsa tambaya, sai harshe ya ba shi kujerar mutum. Wasu tsofaffin mata sukan ce “aljanin waya”, rabi wasa rabi gaske, kuma su ba su cika ba ni tsoro ba, don wanda ya kira abu aljani ba zai miƙa masa wuya ba. Sunaye biyu ne suka fi ɗaukar hankalina: akawu da malam.

Wani tsohon babban sakatare da nake zuwa gaishewa yakan zauna a barandar gidansa bayan la'asar, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a aljihu. Ranar da na same shi yana son rubuta takarda a kan wani fili, jikarsa ce ke riƙe da wayar. “Amarya, gaya wa akawun nan ya rubuta mana, sakin layi uku, kada ya cika surutu,” in ji shi. Kafin ya kurɓi shayi takarda ta fito. Ya sa aka buga ta a kan farar takarda, ya ɗauko jan biro, ya bi ta layi-layi. Ya soke wata jimla da ta yi alkawarin abin da bai ce ba, ya gyara lambar fili, ya zagaye wata doka da aka ambata ya rubuta a gefe cewa a bincika. “Alhaji, ai ya iya Turanci,” in ji yarinyar. Ya ce, “Ya iya. Amma ni zan sa hannu.”

Wannan mutum ya shafe rayuwarsa ana kawo masa daftari yana gyarawa, shi ya sa sunan da ya zaɓa ya zauna daram. Kalmomin ofis da suka shigo Hausa a zamanin Turawa, akawu da tafinta da masinja, su ne ayyukan da na'urar ke yi wa dattawa a yau. Tana rubuta wasiƙar fansho da ta ta'aziyya. Tana fassara takardar da ke cikin kwalin magani, ko saƙon da ɗa ya turo daga asibitin Alƙahira. Tana nemo bayani in an aike ta. Kuma duk wanda ya san tarihin zamanin Turawa ya san an yi tafintocin da suka ƙara wa magana gishiri ko suka rage mata, har talaka ya sha hukuncin abin da bai faɗa ba. Wanda ya kira abin akawu ko tafinta ya riga ya san aikinsa na buƙatar ido na biyu.

Sunan malam kuwa yana tafiya da wata ɗabi'a daban. Bahaushe ba ya yi wa malam gyara da jan biro. “Allah gafarta malam” yake cewa, ya karɓa. Na ji wata Hajiya mai ciwon suga tana ce wa jikanta, “Maigida, tambayo min malamin nan na waya ko in rage ƙwayar dare, tunda awon safe ya yi ƙasa.” Yaron ya kyauta, ya karanta mata amsar har ƙarshe, inda aka ce ta tuntuɓi likitanta, ya kuma nace sai da aka kira likitan. Amma da ita kaɗai ce, da layin farko za ta ɗauka ta rufe wayar. Haka ake yi da tambayoyin addini: nisabin zakka, rabon gado, hukuncin wanda ya yi mantuwa a salla. Na ga wata daga cikin manhajojin nan ta kawo hadisi da lambarsa da sunan littafinsa, aka buɗe littafin ba a same shi a wurin ba. Rabon gado kuwa fanni ne da malaman Kano suke shekaru a kansa, domin magaji ɗaya da aka manta yana iya sauya lissafin gaba ɗaya, kuma na'ura ba ta san wanda ba a gaya mata ba. Ba ta san cewa marigayin yana da wata 'ya a Maraɗi ba. Malamin unguwa ya sani, ko kuma zai tambaya.

Akwai ma'ana ta uku da ta ɓullo kwanan nan, ita ma daga bakin mutane. Yanzu in an turo bidiyo a zauren WhatsApp na masallaci ko na tsofaffin ɗalibai, sai ka ji dattijo ya ce, “Wannan AI ce.” Abin da yake nufi shi ne jabu. Wannan wayewa ce mai amfani, domin ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, a sa malami ya tallata maganin da bai taɓa gani ba, ko a kira uwa da muryar ɗanta ana neman kuɗi cikin gaggawa. Sai dai tana da nata haɗarin, don wanda aka kama da gaskiya ma yana iya fakewa da ita ya ce ba shi ba ne. Kalma ɗaya ke nan ta zama sunan mai taimako da safe, sunan ɗan damfara da yamma, a bakin mutum ɗaya.

Masu aikin raɗa suna a hukumance suna nan kusa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma akwai matasan masana kwamfuta irin na ƙungiyar HausaNLP da ke tattara rubutun Hausa don na'urori su koya. Gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da nata tsarin na AI mai suna N-ATLAS a 2025, wanda ke aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ina fatan waɗannan duka za su zauna da tsofaffi kafin su yanke suna, su ji abin da ake faɗa a baranda da tsakar gida. Amma na san inda maganar za ta ƙare: a rediyo. Dattijon Nasarawa har gobe da BBC Hausa yake karya kumallo, wadda ta fara watsa shiri tun 1957, sannan ya juya zuwa Freedom ko Rediyon Kano, kuma kalmar da mai karanta labarai ya maimaita ita ce za ta zauna. Roƙona ga masu wannan aiki shi ne su riƙa cewa fasahar AI, su rage ambaton basira, kuma in za su yi wa tsofaffi bayani a shirin lafiya ko na addini su gaya musu a fili cewa abin yana iya kawo lambar hadisi ko adadin magani ba daidai ba, ko da kuwa Hausarsa da Turancinsa sun fita tas.