Gurbin Karatu na Cibiyar Landan da Binciken Afirka

A shekarar 1926 aka kafa wata cibiya a birnin Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka. Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, shi ne shugabanta na fari. Amma yawancin masu ɗawainiyarta mutanen mishan ne, ko kuwa waɗanda suka taɓa aikin mishan. Akwai J. H. Oldham, sakataren majalisar mishan ta ƙasashen duniya, da Westermann Bajamushe, wanda ya yi aikin bishara a cikin kabilar Ewe a Togo. Akwai kuma Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano.

Abin da ya dame su shi ne, Turawa suna mulki, suna koyarwa, suna wa'azi a cikin al'ummai waɗanda ba su san zamansu ba. Sanin kuwa ba ya samuwa da yawon mako biyu. Sai mutum ya zauna shekara da shekaru, ya ji harshe. To, wane ɗalibi ke da kuɗin wannan?

Oldham ya haɗa kai da Shehun malami Malinowski na jami'ar Landan, suka roƙi Gidauniyar Rockefeller ta Amurka. A 1931 ta amince ta ba da kuɗi, aka tsara aikin shekara biyar. Ba 'yan koyo aka nema ba. An zaɓi waɗanda suka riga suka yi nisa da karatu, aka ɗauki nauyinsu su zauna a ajin Malinowski tukuna, sa'an nan a tura su Afirka da guzuri.

Ɗaya daga cikinsu shi ne S. F. Nadel, wanda ya tashi a birnin Biyana, ya kuma yi zurfi a ilimin kiɗa da na halayyar ɗan Adam. Tsakanin 1934 da 1936 ya yi bincike a ƙasar Nufe. Ya koyi Nufanci, ya bi masu sarautar Bida da maƙeran tagulla da masu aikin gilashi da manoman ƙauye yana tambaya yana rubutawa. Littafinsa, A Black Byzantium, ya fito a 1942, Lugga ne ya rubuta gabatarwarsa. Har yau mai son tarihin Nufe da wuya ya tsallake shi. Abokin karatunsa Meyer Fortes, mutumin Afirka ta Kudu, ya zauna a cikin kabilar Talensi ta arewacin Gana daga 1934 zuwa 1937, ya rubuta littattafai biyu a kan dangantakarsu.

Sai dai akwai abin dubawa. Kusan duk waɗanda suka ci moriyar kuɗin Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa suka zama tafintoci da masu ba da labari, sau da yawa ba a ko ambaci sunayensu ba. Z. K. Matthews na Afirka ta Kudu yana cikin 'yan ƙalilan baƙaƙen fata da suka sami gurbin. Ban da haka, tun a 1929 Malinowski ya rubuta a fili cewa irin wannan bincike zai amfani masu mulki, kuma da wannan hujja aka nemi kuɗin. Bayan ya gama da Nufe, Nadel ya karɓi aiki a hannun gwamnatin Sudan a 1938, ya tafi binciken mutanen duwatsun Nuba.