Waƙar Da Aka Zaɓa Da Waƙar Da Ta Zaɓi Kanta: Faransa 1998



Da yawa daga cikinmu a zauren nan ba a haife mu ba a shekarar 1998, waɗanda aka haifa kuma suna goye. Duk da haka in aka saki wasu waƙoƙin Turawa na wancan lokaci, sai mu ji kewa ta kama mu kamar da mu aka yi. Gadonta muka yi daga yayyenmu da kawunnanmu, waɗanda har yau ba sa gajiya da ba da labarin gasar cin kofin duniya ta Faransa. To bari mu bi waƙoƙin gasar mu ga wacce ta rayu, wacce ta mutu, da kuma abin da kewar take ɓoye mana.

An buɗe gasar ranar 10 ga Yuni, 1998, a sabon filin Stade de France da ke Saint-Denis, a gefen birnin Paris. Karo na farko ke nan da ƙasashe 32 suka shiga. Masu shiryawa sun tanadi waƙoƙi biyu a hukumance. Ta farko, "La Cour des Grands", da Faransanci, Youssou N'Dour na Senegal da Axelle Red ta Beljiyam suka rera ta a bikin buɗewa. Zaɓin N'Dour ba a banza aka yi shi ba. Shekara huɗu kafin nan, shi da Neneh Cherry sun fitar da "7 Seconds", wadda ta haɗa Wolof da Faransanci da Ingilishi, ta yi mako 16 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Faransa. Ta biyu ita ce "La Copa de la Vida" ta Ricky Martin, ɗan Puerto Rico, wadda aka yi wa sigar Ingilishi, shi kuma ya rera ta a ranar wasan ƙarshe. Ta Ricky Martin ta zaga duniya. Ta N'Dour kuwa, duk da daɗinta, yau sai an tuna wa mutum.

Amma in ka tambayi Bafaranshe waƙar 1998, ba ɗaya daga cikin biyun zai ambata ba. Zai ce maka "I Will Survive", waƙar da a lokacin ta riga ta kai shekara 20, kuma ko kusa ba ta da alaƙa da ƙwallo.

Tarihinta abin tsayawa ne. Gloria Gaynor, Ba'amurkiya, ta rera ta a 1978, Freddie Perren da Dino Fekaris suka rubuta. Labarin mace ne da namiji ya wulaƙanta, ya tafi, ya dawo yana zaton za ta buɗe masa ƙofa, ita kuwa ta riga ta miƙe da ƙafarta. Kamfanin faifai bai ga wani abin kirki a cikinta ba, sai ya sa ta a bayan faifan wata waƙar mai suna "Substitute". Masu saka faifai a gidajen rawa ne suka riƙa juya faifan, har ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1979, ta kuma ci kyautar Grammy ta kiɗan disko a 1980, shekara ɗaya tilo da aka ba da wannan kyauta. Gaynor ta shiga ɗakin ɗaukar waƙar ne da abin tallafe baya a jikinta, bayan tiyatar da aka yi mata a ƙashin baya sakamakon faɗuwa a kan dandamali. A 1994 wata ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai a birnin Rotterdam na Holan, Hermes House Band, ta sake rera ta, ta ƙara mata sauri da wani dogon amshi marar kalmomi wanda kowa zai iya bi ko bai san ko ɗigon Ingilishi ba. Wannan sigar ce ɗan wasan baya Vincent Candela ya shigar da ita cikin 'yan wasan Faransa. Candela ba ya cikin 'yan sahun farko, wasa ɗaya ya buga a gasar gaba ɗaya, amma waƙar da ya kawo ta fi wasu ƙwallayen da aka ci daɗewa a zukata.

Me ya sa ta kama? A ganinmu, domin ta dace da halin da 'yan wasan suke ciki. Jaridar wasanni ta L'Équipe ta shafe watanni tana caccakar kocinsu Aimé Jacquet. An kori Zinedine Zidane a wasa da Saudiyya, ya rasa wasa biyu. Da ƙyar suka tsallake Paraguay da ƙwallon Laurent Blanc a ƙarin lokaci, suka wuce Italiya a bugun fanareti, sannan Kuroshiya ta riga su ci a wasan kusa da na ƙarshe, sai Lilian Thuram ya zura biyu, kuma su ne kaɗai ƙwallayen da ya taɓa ci wa ƙasarsa a wasa 142. Ranar 12 ga Yuli suka doke Brazil 3-0, Zidane biyu da ka, Emmanuel Petit ya rufe, alhali an kori Marcel Desailly sun ƙarasa su goma. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka cika titin Champs-Élysées, aka haska fuskar Zidane, ɗan 'yan ci-rani daga Aljeriya, a jikin Arc de Triomphe.

Turawan Ingila su ma sun zo da tasu. "Three Lions" ta David Baddiel da Frank Skinner da ƙungiyar Lightning Seeds an yi ta ne don gasar Turai ta 1996, aka sabunta ta a 1998 ta sake hawa matsayi na ɗaya. Abin burgewa a gare mu masu rubutu shi ne waƙar faɗuwa ce, tana lissafa shekaru 30 na baƙin ciki tun kofin 1966, tana kuma cewa duk da haka ba a fid da rai ba. Faɗuwar kuwa ba ta fasa zuwa ba: Jamus ta fitar da su a fanareti a Wembley a 1996, Ajantina ta maimaita musu a Saint-Étienne a 1998, daren da Michael Owen mai shekara 18 ya ci ƙwallon da ba a mantawa, aka kuma kori David Beckham.

Mu ma muna cikin labarin, kuma a nan ne kewa take yawan yi mana yankan baya. Kwana biyu kafin a buɗe gasar, ranar 8 ga Yuni, Janar Sani Abacha ya rasu. Ranar 13 ga wata a Nantes, Najeriya ta doke Sifaniya 3-2. Sau biyu ana gabanmu: Mutiu Adepoju ya farke ta farko da ka, sai Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya bugo ƙwallo daga gefen hagu, gola Andoni Zubizarreta ya tura ta raga da hannunsa, sannan Sunday Oliseh ya sheƙa wannan bugu daga nesa. Wannan kowa yana ba da shi. Abin da ake saurin tsallakewa shi ne ranar 28 ga Yuni, lokacin da hankali ya riga ya tafi kan haɗuwa da Brazil, Denmark ta lallasa mu 4-1, Tijani Babangida, shi ma ɗan Kaduna, ya ci ta share hawaye. Ranar 7 ga Yuli kuma MKO Abiola ya rasu a tsare. Duk wanda zai rubuta labari da ya faru a watan nan, ya sa mutanensa gaban talabijin, to ya sani ba ƙwallo kaɗai ke cikin hirar majalisa ba. Mun sha ganin rubutun da aka ambaci sunan waƙa da sunan ɗan wasa aka ɗauka an gama zana zamani, alhali ko mutanen da ke ɗakin ba a gaya mana abin da suke tsoro ba.

Faransa ma haka. Bayan nasarar, aka yi ta yayata cewa ƙasar ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, baƙi da fari da Balarabe, ana nuna Desailly da aka haifa a Accra, Patrick Vieira a Dakar, Thuram a Guadeloupe. Ba a yi nisa ba. Ranar 6 ga Oktoba, 2001, a filin nan dai na Stade de France, an yi wa taken Faransa ihu a wasan sada zumunci da Aljeriya, matasa suka kutsa fili, aka tashi wasan a minti na 76. A Afrilun 2002 Jean-Marie Le Pen, wanda tun 1996 yake ƙorafin cewa 'yan wasan ba 'yan ƙasa na ainihi ba ne, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A shekarar nan aka ɗauko babban mawaƙinsu Johnny Hallyday ya yi wa 'yan wasan waƙa ta musamman, "Tous ensemble", aka sayi faifanta sosai. Ranar 31 ga Mayu a Seoul, Papa Bouba Diop na Senegal ya zura musu ɗaya, suka dawo gida daga zagayen farko ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba.

Sai 2018 kofin ya koma Paris, Didier Deschamps, kyaftin ɗin 1998, yana koci. A wannan karo waƙar da ta bi 'yan wasan ita ce "Ramenez la coupe à la maison" ta Vegedream, wanda iyayensa 'yan Kodebuwa ne, da Faransanci, tana kiran sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda maroƙanmu suke yi wa gwanaye kirari. A watan nan ne kuma "Three Lions" ta sake hawa matsayi na ɗaya a Birtaniya, kocin Ingila a lokacin kuwa Gareth Southgate ne, mutumin da ya zubar da fanaretin Wembley a 1996.

Sai mun ji daga gare ku, musamman manyanmu da suka kalli wasan Nantes da idonsu.