Masu Aikin Sa Kai da Rigakafin Jarirai a Yola da Jimeta

Zuwan ma'aikatan lafiya daga ƙetare ba baƙon abu ba ne a Adamawa. Tun a 1913 wani likitan mishan ɗan ƙasar Danmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan yana duba marasa lafiya. A fagen rigakafi kuwa, fitaccen tsari shi ne shirin STOP na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wanda a 1999 ya fara tura ƙwararrun 'yan sa kai ƙasashen da shan-inna ta addaba. Najeriya ta kafa nata, N-STOP, a 2012.

Baƙon da ya zo irin wannan aiki ba kasafai yake riƙe sirinji ba. Doka ta wajabta wa likita ko ma'aikaciyar jinya daga waje yin rajista da majalisar da ke kula da sana'arsu a Najeriya kafin su taɓa majinyaci. Galibi aikinsa horar da ma'aikata ne, da duba rajistar yara, da sa ido kan firji, domin yawancin allurai suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin Yola a watan Afrilu yakan haura digiri 40.

Allurar kanta tana hannun ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko a Yola ta Arewa, wato Jimeta, da Yola ta Kudu. Ana yi wa jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan-inna da zarar an haife shi. Sai a dawo da shi a mako 6 da 10 da 14, sannan a wata 9 don ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Duka kyauta ne.

Wahalar tana wajen dawowar. Nan ne 'yan sa kai na unguwa, akasarinsu mata masu jin Fulatanci da Hausa, suka fi kowane baƙo tasiri: su ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, su halarci suna, su nemi katin yaro su duba.

An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. Ƙyanda kuwa tana nan: a 2024 ta hallaka yara da dama a Mubi ta Arewa da Gombi.