Daga Sule Biyu da Sisi zuwa Naira Dubu Saba'in: Asalin Aƙidar Ƙungiyar Ƙwadago

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin man fetur, Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ta ce za ta tafi yajin aiki, ba a rasa jami'in gwamnatin da zai fito ya ce ina ruwan biri da gada: ku tsaya kan albashinku, ku bar wa masu mulki mulkinsu. Maganar tsohuwa ce, har ta girmi ƙungiyar. Ita ce ta raba kan 'yan ƙwadago shekara da shekaru, kuma amsar da suka tsaya a kanta ba a littafi suka tsince ta ba. Kasuwa ce ta koya musu.

Ƙungiyar ma'aikata ta farko da aka sani a ƙasar nan ta ma'aikatan gwamnati ce, wadda aka kafa a Legas a 1912. Akawuna ne masu kwat da laktaye, makaminsu takardar koke. A 1931 malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa nasu, a 1938 kuma Turawa suka yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin. Zafin ya fito ne daga ma'aikatar reluwe, inda wani ma'aikaci mai suna Michael Imoudu ya hana Turawa sakat har suka tsare shi a 1943.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsefe aljihun kowa. Kaya sun yi tashin gwauron zabo, albashi yana nan inda yake. Ma'aikata suka nemi a ƙara musu alawus na tsadar rayuwa, wanda suke kira "kola", da kashi 50 cikin ɗari, a kuma yanka wa lebura aƙalla sule biyu da sisi a rana. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. A watan Yunin 1945, jim kaɗan da sakin Imoudu, aka ajiye aiki. Jirage suka tsaya cak a kan dogo, tashar jiragen ruwa ta Legas ta yi tsit, yajin ya bi layin dogo har Arewa, aka yi kwana 44 ana ja-in-ja. Kwamitin Tudor Davies da aka naɗa daga baya ya amince da ƙarin. Abin lura shi ne, tun a wannan karon farko rigimar ta farashi ce: me albashin zai iya sayowa a kasuwa?

Shekara huɗu bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a Iva Valley da ke Enugu, suka kashe mutum 21. Daga ranar ya yi wuya a shawo kan lebura cewa cikinsa daban, wanda ke mulkin ƙasa daban.

Amma fa kan 'yan ƙwadagon bai haɗu ba. Bayan samun 'yanci suka dare gida-gida. Ɓangaren Wahab Goodluck ya karkata ga Tarayyar Sobiyat, yana ganin sai an sauya tsarin tattalin arziki gaba ɗaya kafin ma'aikaci ya sarara. Ɓangaren H. P. Adebola ya jingina da ƙasashen Yamma, yana cewa a zauna a teburin ciniki a samo abin da ya samu. Sukan haɗu in wuya ta yi wuya, kamar yajin gama-gari na Yunin 1964 kan rahoton kwamitin albashi na Morgan, ƙura na lafawa kowa ya koma rumfarsa.

Sai Udoji. Duk dattijon da ya yi aikin gwamnati a zamanin Gowon ya san wannan suna, ko da bai san cewa Jerome Udoji mutum ne ba. Bisa rahoton kwamitinsa aka yi gagarumin ƙarin albashi a ƙarshen 1974, aka haɗa da ariyas na watanni. Masinja ya sayi keke sabo fil da rediyo, akawu ya hau babur, wasu suka ƙara aure. Kafin a ankara 'yan kasuwa su ma sun yi nasu Udojin, mudun hatsi da kuɗin haya suka bi sahu, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975. An bayar da dama an karɓe da hagu. A ganina babu malamin da ya koya wa 'yan ƙwadago darasi irin wannan shekara.

A 1974 ɗin ne shugabannin manyan ƙungiyoyin ƙwadago huɗu na lokacin suka haɗu wajen binne wani jigonsu a maƙabartar Apena ta Legas, suka yi alkawarin dunƙulewa. Suka kafa NLC a Disambar 1975. Gwamnatin soja ta ƙi amincewa, ta naɗa kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi, ta haramta wa shugabanni 11 harkar ƙwadago, ciki har da Imoudu da Goodluck. Sannan ta tattara ƙananan ƙungiyoyi kusan dubu ta mayar da su 42, ta sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai-tsaye daga albashi, ta ce uwa ɗaya za a yi. A Fabrairun 1978 aka sake ƙaddamar da NLC a Ibadan, Hassan Sunmonu shugaba, Aliyu Dangiwa babban sakatare. Sojoji sun so ɗan akuyar da za su ɗaure a turke ne, sai ga shi sun ba shi ƙaho da abinci.

Taken ƙungiyar shi ne ƙwadago ke haifar da arziki. Ma'anarsa a aikace ta fito cikin kundin buƙatun ma'aikata na 1980, wanda bai tsaya kan albashi ba, ya taɓo fansho da muhalli da sufuri. A shekarar ce gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ta fara ba da hutun ranar 1 ga Mayu, gwamnatin Shagari ta mayar da shi na ƙasa a 1981. A Mayun 1981 aka yi yajin kwana biyu. Ƙungiya ta nemi naira 300, aka daidaita a kan 125 a matsayin mafi ƙarancin albashi, wajen dala 200 ke nan a canjin lokacin.

Tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, daga 1986, shi ya ƙarasa gasa aƙidar. Naira ta faɗi, aka shiga rage ma'aikata, NLC a ƙarƙashin Ali Ciroma ta ce ba ta yarda a taɓa tallafin mai ba. Aka rushe shugabancinta a 1988. Abacha ya sake rushe shi a 1994, bayan yajin ma'aikatan mai kan soke zaɓen 12 ga Yuni. Da aka dawo mulkin farar hula, Adams Oshiomhole, wanda ya taso a masaƙar Arewa Textiles ta Kaduna, ya mayar da farashin fetur babban fagen fama: a Yunin 2000 Obasanjo ya ɗaga lita daga naira 20 zuwa 30, yaji ya sauko da ita 22. A Janairun 2012 ta tashi daga 65 zuwa 141, aka tsaya a 97, masu zanga-zanga da yawa suka koma gida suna ganin an janye da wuri.

Akwai dalilin riƙe batun fetur da ba a cika faɗa ba. Masu albashi 'yan tsiraru ne a Najeriya. Manomi da mai shayi da ɗan acaba ba su da ranar biya, ba su da katin ƙungiya. Fetur da kuɗin makaranta ne kawai zaren da ya ɗaure su da ma'aikacin sakatariya, ƙungiyar kuma ta san in ba su fito ba yajinta na ofis ne kurum. Inda ta kasa shi ne kare aikin kansa. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da jiniya ke tashin dubban masaƙa su canji aiki, ya je yau ya ga ciyawa a harabar Kaduna Textiles.

An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. A Yunin 2024 ƙungiyar ta kashe babban layin wutar ƙasa, tana neman naira 494,000. A Yuli aka sa hannu kan 70,000, abin da bai kai dala 50 ba, kuma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce haka a kasuwanni da dama.