Tarihin Ɗaukar Hoton Biki a Ƙasar Fanjab

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya san bikin mutanen Fanjab ko da bai san sunansa ba: ango bisa doki, maza da manyan rawuna, ga kiɗan ganga, ga amarya cikin jajayen kaya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, yaushe mai hoto ya shiga wannan biki, kuma me ya sauya bayan shigarsa?

Fanjab, wato ƙasar koguna biyar, gida ce ga Musulmi da Hindu da mabiya addinin Sikh. Turawan Ingila sun mamaye ta a 1849, kuma a zamaninsu kyamara ta samu gindin zama. A 1863 Samuel Bourne ya sauka a garin Simla, inda ya shahara da sana'ar hoto. To amma a wancan lokaci hoto na Turawa ne da sarakuna da attajirai. Bikin talaka a bakin mata ya zauna, cikin waƙoƙi da labarai. Ko da sana'ar ta bazu, abin da akasarin ma'aurata ke samu shi ne hoto guda baƙi da fari, ango da amarya a sandare, babu mai murmushi.

Darajar wannan hoto guda ta fito fili a 1947, sa'ad da aka tsaga Fanjab biyu tsakanin Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka yi hijira, Musulmi suka nufi yamma wajen Lahor, Sikh da Hindu suka nufi gabas wajen Amritsar. Wanda ya tsira da hoton aurensa cikin ƙunshin kaya, ya tsira da shaidar gidan da ba zai sake gani ba, da fuskokin dangin da suka salwanta a hanya.

Daga nan abubuwa biyu suka faɗaɗa biki. Na farko, 'yan ci-rani da suka tafi Ingila a shekarun 1950 da 1960, musamman unguwar Southall ta Landan, suna aiko da kuɗi gida. Na biyu, sabon tsarin noman alkama da taki da ban-ruwa, wanda ya azurta manoma da dama tun daga tsakiyar shekarun 1960. A 1976 kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS, a 1982 kuma talabijin mai kala ta bazu a Indiya albarkacin wasannin Asiya na Delhi. Sai ga mai bidiyo da fitilarsa mai kashe ido yana bin kowane mataki: daren ƙunshi, awarwaron da kawu ke sa wa amarya, gaisuwar dangin ɓangarorin biyu a bakin ƙofa, zagaye huɗu da ma'auratan Sikh ke yi wa littafinsu mai tsarki, har zuwa kukan kai amarya. Kaset ya zama wasiƙa, ana aika shi Landan ko Kanada domin wanda bai samu zuwa ba ya ga 'yan'uwansa.

Sai dai, kamar yadda Hausawa ke cewa, kowane allazi da nasa amanu. Finafinai irin su Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 da Monsoon Wedding na 2001 sun ƙawata bikin Fanjab a idon duniya, har biki ya koma kwaikwayon fim. Da zuwan kyamarar dijital da jirgi marar matuƙi da hotunan kafin aure, mai hoton da a da yake rakuɓe a gefe ya zama shi ke cewa a tsaya, a juyo, a sake. Nauyin kuɗin kuwa galibi a wuyan uban amarya yake sauka, kuma bashin da ya ci ba ya fitowa a albam.

A nan ne darasinmu yake, mu marubuta. Kyamara tana ganin abin da aka shirya mata, alƙalami kuwa yana iya shiga ɗakin da aka rufe. Bugu da ƙari, kaset yana ruɓewa, kuma tun 2016 aka daina ƙera na'urar kallonsa. Irin wannan kaset ne ya haifi Turmin Danya a Kano a 1990, shi ne kuma ya adana kamu da buɗar kai na iyayenmu da yayyenmu. Ya kamata mu ciro su daga ƙasan akwati, mu mayar da su dijital, mu zauna da tsofaffi su faɗa mana sunayen mutanen da ke ciki tun suna raye, mu kuma rubuta. Allah Ya ba mu iko.