Daga Fagen Kaka zuwa Akwatin Talabijin: Tarihin MMA da Makomar Damben Gargajiya

A ranar 12 ga Nuwamba 1993, a birnin Denver na ƙasar Amurka, aka haɗa mutum takwas masu salon faɗa daban-daban a cikin wani keji mai kusurwa takwas, domin a ga salon da ya fi. Babu rabon nauyi, babu alƙalan ba da maki. Wanda ya yi nasara shi ne Royce Gracie ɗan ƙasar Brazil, wanda bai kai yawancin abokan karawarsa girman jiki ba, amma ya iya kai mutum ƙasa ya shaƙe shi har sai ya miƙa wuya. Wannan ita ce gasar UFC ta farko, kuma daga gare ta ne gaurayayyen damben da ake kira MMA, wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa, ya fara suna a duniya.

Shekara 18 cif bayan haka, a ranar 12 ga Nuwamba 2011, tashar Fox ta nuna damben UFC kai tsaye ga duk mai talabijin a Amurka. A 2025 kuwa, kamfanin Paramount ya amince zai biya dala biliyan 7.7 domin nuna wasannin na tsawon shekara bakwai. Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa, domin damben gargajiya yana tsaye yau a bakin ƙofar da MMA ya tsaya shekaru 20 da suka wuce.

Yadda abin ƙyama ya zama haja

Shekarun farko na UFC shekarun kora ne. A 1996 Sanata John McCain ya kwatanta wasan da haɗa zakaru faɗa, ya kuma rubuta wa gwamnonin jihohi yana neman su haramta shi. Jihohi da dama suka haramta, kamfanonin da ke sayar da kallo ta waya suka janye. A farkon 2001 aka sayar da kamfanin ga ’yan’uwa biyu, Lorenzo da Frank Fertitta, a kan dala miliyan 2 kacal, Dana White ya zama shugabansa.

Abubuwa biyu suka ceci wasan. Na farko doka. Daga shekarar 2000 hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta jagoranci tsara ƙa’idoji na bai-ɗaya: ajin nauyi, turmi na minti biyar, safar hannu, jerin bugun da aka hana, da likita a bakin fage mai ikon tsayar da wasa. Na biyu labari. A 2005 masu kamfanin suka biya kuɗin shirya wani shiri mai suna The Ultimate Fighter daga aljihunsu, tashar Spike ta nuna shi. Shirin ya tara matasan ’yan dambe a gida ɗaya, masu kallo suka san halinsu da talaucinsu da burinsu kafin su ga naushinsu. Karawar ƙarshe tsakanin Forrest Griffin da Stephan Bonnar a Afrilun wannan shekara ita ake ɗauka a matsayin daren da ya juya arzikin kamfanin. A 2016, shekarar da jihar New York ta zama ta ƙarshe wajen halatta wasan, aka sake sayar da UFC a kan kimanin dala biliyan 4.

Gidan talabijin bai taɓa sayen jarumta tsagwaronta ba. Abin da yake saye shi ne wasan da zai fara a kan lokaci, ya ƙare a kan lokaci, ya dawo mako mai zuwa, mai talla ya sa sunansa a kai ba tare da fargabar a mutu a gaban kyamara ba.

Damben kaka da ruwan Tiga

Dambe a ƙasar Hausa ya girmi talabijin nesa ba kusa ba. An fi danganta asalinsa da mahauta, kuma lokacinsa kaka ne. Idan an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika, aka shiga bukukuwan aure, sai ’yan dambe su bi ƙauyuka da makaɗansu. Ana naɗe hannu ɗaya da zare a yi naushi da shi, ɗayan kuma a yi garkuwa. Ana yin turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. ’Yan wasa sun rabu gida uku: Kudu, da Arewa da ake kira Jamus, da Guramada.

Aikin da shirin The Ultimate Fighter ya yi wa UFC, makaɗa sun daɗe da yi wa dambe. Waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago ta kai sunan ɗan damben garuruwan da bai taɓa takawa ba, ta rediyo da kaset, har mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka san kirarinsa da abokan gabarsa irin su Ɗandunawa. Dambe bai taɓa rasa labari ba.

Abin da ya sauya shi ne lokacinsa, kuma yankin Garun Malam da Kura da Bunkure misali ne na dalilin sauyin. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa da kewaye, a shirin da aka tsara kashinsa na farko ya shayar da kimanin hekta 22,000. Daga nan rani ya daina zama lokacin hutu ko na tafiya ci-rani a wannan yanki. Ana gama girbin shinkafa sai a shiga alkama da tumatir da albasa, motoci su yi layi a Kwanar Gafan. Matashin da a da kaka ke sakar masa hannu, yanzu aiki na jiransa duk shekara, amma kuɗi ma suna shigo masa fiye da sau ɗaya.

Irin wannan sauyi, tare da bunƙasar birane da hanyoyin mota, ya raba dambe da jiran kaka. Ya koma gidajen da ake biyan kuɗin ƙofa, kamar na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, inda ake wasa ba sai an cire amfanin gona ba. Ɗan dambe ya zama mai sana’a, manomin rani kuma ya zama ɗan kallo mai biya.

Waya ta riga talabijin

Najeriya ba baƙuwar wasannin faɗa ba ce. Hogan Bassey ya ci kambun duniya a damben zamani a 1957, Dick Tiger ya kare nasa a Ibadan a 1963, kuma waɗanda suka taso da NTA, wadda aka kafa a 1977, ba su manta kokawar Turawa da ake nunawa ba. A 2019 Kamaru Usman haifaffen Auchi da Israel Adesanya haifaffen Legas suka ci kambun UFC, Francis Ngannou na Kamaru ya bi bayansu a 2021. Sai dai wannan kallo ne na mai tauraron ɗan’adam da gidajen kallo, kuma manyan wasannin da ake yi a Amurka suna faɗowa ne gab da asuba a agogon Najeriya. Manomin da zai yi sammakon ban-ruwa ba zai mai da shi abin kallon kullum ba.

Damben gargajiya kuwa ta wayar hannu ya shiga duniya. A 2017 Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka fara ɗaukar wasanni suna sawa a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suka kalla, da yawansu daga ƙasashen da ba a jin Hausa. Bayansu Maxwell Kalu ya kafa African Warriors Fighting Championship, wadda a 2025 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin DAZN domin nuna gasar dambe ga masu kallo na ƙasashen waje. Waɗannan kamfanoni sun shigo da abubuwan da New Jersey ta shigo da su: ajin nauyi, ƙayyade lokacin turmi, da ma’aikatan lafiya. Abin lura shi ne, ’yan wasan da makaɗan Hausawa ne, amma jarin da kyamarar da haƙƙin mallakar hotunan yawanci daga waje suka zo.

Hanyar Nijar

Akwai wata hanya, kuma ba ta da nisa. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga lokacin gasar ke zagaya jihohi. Kowace daga cikin jihohi takwas tana kawo ’yan kokawa goma, Télé Sahel da gidan rediyon ƙasa suna watsawa kai tsaye, kamfanoni suna rububin talla. Sunan Issaka Issaka na Dosso ya shiga kowane gida ta wannan hanya. A nan hukuma ce ta samar da kalanda da doka, talabijin ta ƙasa ta bi.

Kokawa ta fi dambe sauƙin shiga falo, domin babu naushi babu jini. Duk da haka Nijar ta nuna cewa wasan ƙauye yana iya zama taron ƙasa ba tare da ya bar harshensa da kiɗansa ba.

Abin da ke kan faifai

Shin dambe zai samu gurbi na dindindin a NTA, ko ARTV ta Kano, ko Arewa24? ’Yan kallo ba su ne matsalar ba. Matsala ta farko kuɗi ce: ɗaukar wasa kai tsaye yana da tsada, kuma hatta gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sha fama da rashin tashar da za ta riƙe ta. Ta biyu irin mai tallar ne. Kamfanonin caca na intanet suna cikin masu saurin zuba kuɗi a wasannin faɗa, alhali a Kano hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024. Abin da ya wuce a YouTube ba lalle ya wuce a tashar da iyali ke kallo bayan sallar isha’i ba. Ta uku lafiya ce. Hannun da aka naɗe da zare ba shi da taushin safar dambe, kuma illar bugun kai ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da kalangu ya koma kan wani.

Ta huɗu ita ce rabon riba, kuma a nan tarihin UFC gargaɗi ne. Takardun da aka gabatar a wata shari’a a Amurka sun nuna cewa kason ’yan wasa bai wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin ba, kuma sai da kamfanin ya yarda ya biya tsofaffin ’yan wasansa dala miliyan 375 kafin a rufe ƙarar. Idan haka ta faru da waɗanda ke da lauyoyi, ina ga saurayin da ya bar gonar shinkafa ya sa hannu a takardar da aka rubuta da Turanci?

Saboda haka aikin da ke gaban hukumomin wasanni na jihohin Arewa da shugabannin gidajen dambe ya riga zuwan kyamara: rajistar ’yan wasa, gwajin lafiya kafin wasa da hutun dole bayan kisa, yarjejeniya da Hausa, kalandar gasa tsakanin jihohi, da kaso sananne ga ɗan dambe da makaɗinsa a duk hoton da aka sayar. UFC ta ɗauki shekara 18 kafin ta isa Fox, kuma a cikin shekarun ne aka yanke wanda zai ci moriyar wasan. Damben gargajiya yana cikin irin waɗannan shekaru yanzu.