Baƙuwar da ke Cikin Sassaƙe

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta Yawunde, mai magani kan zaro sassaƙe daga buhu, ya karya, ya kai hanci, ya faɗi sunan bishiyar. Abin da ido bai kai gare shi ba, cikin ɓawon akwai wata funfuna siririya kamar zare, tana zaune a jikin itacen ba ta sa shi ciwo. Tana ci daga abincinsa, tana kuma haɗa sinadaran da sau da yawa ke kore masa ƙwari da cututtuka.

Makiyayan Amurka sun ɗanɗana kuɗarta tun ba su san da ita ba. Daga shekarun 1940 aka baza wata ciyawa, Kentucky 31, a makiyayarsu. Ga ta kore shar, amma shanu suna ramewa, ba sa jure zafi, wasu har wutsiya ta guntule, kofato ya ruɓe. Sai a 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka gano dafin daga funfunar cikin ciyawar yake fitowa.

Daga dafi aka koma neman magani. Taxol, maganin sankara da Amurka ta amince da shi a 1992, daga ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma ake tatso shi, kuma kafin a yi wa mutum ɗaya magani sai an kashe bishiyoyi da dama. A 1993 Andrea Stierle, Gary Strobel da Donald Stierle na Montana suka ce sun sami wata funfuna mai yin Taxol da kanta a cikin bishiyar. Masana suka yi caa. A 2013 wasu Jamusawa suka sake bincike, ba su ga hujjar hakan ba, amma ƙofa ta riga ta buɗe.

Yau a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da ke Ngoa-Ekelle, Fabrice Boyom da almajiransa sun ciro ire-iren funfunar da ke zaune cikin tsiro daga korosol, ɗan uwan gwandar daji, kuma ruwan wasunsu ya hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro yaɗuwa a ɗakin gwaji. A ɗakin gwaji, na ce. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti.

Ni dai abin da ya fi ja min hankali dajin ne. Ɓare bishiyar Prunus africana ya yi tsanani a Kamaru har Tarayyar Turai ta dakatar da sayen ɓawonta a 2007. Funfuna kuwa, ɗan guntun ganye ya isa a raino ta a kwalba shekara da shekaru.